Awaki Sun Sauko da Motar Baba

Jama'a, yau awaki suka sauko da motar Baba daga kan tirela a gaban idona.

Kun san ta, jar nan mai kujera biyu da marigayin ya saya hannun wani Bature. Daga Mirriya za mu kai ta gyara Damagaram. Na miƙa wa Kawu Isufu, mai ja mana tirelar, sarƙa huɗu. Ya ce, "Ɗana, ƙarfe zai karce fenti." Ya ɗaure ta da igiyar kaba, ya tokare tayoyin da damman harawa. Harawa, a shekarar da ko kara babu a daji!

Muka tsaya sallar azahar a kan gangara. Ina sallamewa na hango garken awaki a kan tirela. Sun cinye harawar, suna tauna igiyar. Kafin in kai, motar ta sulalo da baya ta daki gawo. Fitilu suka tarwatse, bayanta ya lotse.

Na ce, "Kawu, ina sarƙar?"

Ya ce, "Tana nan. Amma duba, fentin gefe lafiya lau."

Ƙanen Inna ne, sai na haɗiye fushina.