Cokalin Baba

Ƙarar cokali ce a bakin kofi, kar-kar-kar, ba tsayawa. Ina tankaɗe a kicin na ɗauka 'yata ce ke wasa, har na buɗe baki zan yi mata faɗa. Da na leƙo sai na ga Baba ne, mahaifina, da ya zo mana daga Argungu kwana biyu. Hannunsa na dama ne ke rawa shi kaɗai, shayi na zuba a kan tabarma. Rariya ta faɗi daga hannuna. Hannun da ya shekara da shekaru yana jan homa, ragar kamun kifi, a gulbi, yau cokali ya gagare shi.

"Kak ki damu, tsuhwa na," in ji shi.

Abin da ya fi girgiza ni ban gano shi ba sai daga baya. Baba ya daina ci. Hannun dama ba ya kai loma baki, hagu kuwa ya ce bai taɓa ci da ita ba, ba zai fara da furfura ba. Na ce malamai sun ce lalura uzuri ce. Ya ce ya ji. Na ce in ba shi a baki, ya juya fuska bango. Likita a nan Birnin Kebbi ya rubuta ƙwayoyi, Baba ya tura su ƙarƙashin filo. Rigarsa ta fara yi masa yawa. 'Yata, da suke wasan miji da mata da shi, ta ce ta sake shi tunda ya rame. Ya yi dariya, ni na shiga ɗaki na yi kuka.

Sai na kira autarmu. Tana koyarwa a jami'a, tana binciken haɗa sinadarai. Gaskiya ban taɓa ɗaukar aikinta da nauyi ba, tsokanarta nake da mai dafa ruwa a kwalba. Ta iso, ta ɗaga filo, ta karanta kwalin maganin.

"Yaya, kin san mi na wannan? Irin aikina ne."

Ta haɗa tafukanta. Ta ce wannan magani tagwaye ne, kamar hannu biyu, komai nasu iri ɗaya amma ɗaya ba ya shiga safar ɗaya. Guda yana kwantar da rawar jiki, ɗan'uwansa ba ya warkarwa, yana ma iya ɓata jini. In aka haɗa da ka, tare suke fitowa. Sai da masana suka samo ɗan sinadari kaɗan mai tsayawa a kan aikin, ya sa mai amfanin ya fito kusan shi kaɗai.

"Kamar ungozoma," ta ce. "Ta karɓi haihuwa, ta wanke hannu, ta wuce gida na gaba. Ni irinta nake nema, mai sauƙin samu."

Na riƙe baki. Innalillahi, ashe guba da waraka kan kwanta ciki ɗaya, kuma ƙanwar da na goya ce ke cikin masu raba su.

Ta durƙusa gaban Baba. "Kai ka kai ni makaranta bisa keke. In ba ka sha ba, to mi niy yi duk shekarun ga?"

Ya karɓi kwalin daga hannunta. Ya ce, "Ba ni ruwa."

Ba a rana ɗaya sauƙi zai zo ba, kuma ba warkewa ba ce, likita ya faɗa mana. Wata safiya ina tankaɗe 'yata ta shigo da gudu ta ja zanena.

"Mama, zo ki gani! Cokalin mijina ya daina kuka, kuma ya shanye kunu bai rage mini ba."