Farin bangon kemis ɗin Yaya

Duk wanda ya shiga kemis ɗin yayana sai ya yaba bangon. Fari tas, sumul, ko sawun ƙuda babu. Ni kuwa in na shiga, kantar magani nake kallo ko ƙasa, domin ba na son in ɗaga ido in ga farin nan. Mahaifinmu ne ya yi fentin da hannunsa, kuma a duk rayuwarsa bai taɓa yin aikin da ya kai shi kyau ba. Har yau raina a ɓace yake da shi, na Yaya kuwa ba a ma magana.

Mai Fenti ake ce wa Babanmu, har mahaifiyarmu haka take kiransa in ranta ya ɓaci. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, kuma ban taɓa ganin farcensa babu launi a ƙarƙashi ba. Kowa ya san aikinsa ba ya ɓarewa, kowa kuma ya san ba ya sauri. Dalilin rashin saurin ne mutane ba su sani ba. Kafin ya fara fenti a gidan mutum yakan shimfiɗa tsofaffin jaridu da mujallu a ƙasa don kada fenti ya ɗiga, to da ya durƙusa zai tsoma buroshi sai idonsa ya faɗa kan wani labari. Shi ke nan, an yi asarar Mai Fenti. Sai mai gida ya shigo ya tarar da shi a tsugune, kai a karkace, yana karanta ƙasa, buroshi na bushewa a hannunsa. In labarin ya yanke a tsakiya, sai ya bi ɗaki yana ɗaga takardu yana neman ragowar.

A haka ya yi karatunsa, da kuma rediyon da yake ratayawa a jikin tsani. Abu ɗaya yake nema a ko'ina: daga ina launi ya fito. Abin da ya samo kuma a bangon shagonsa yake ajiyewa, dogon bangon da ke fuskantar ƙofa. Yakan haɗa launin, ya shafa shi kamar faɗin tafin hannu biyu, ya zana ɗan hoto a gefe, sannan ya ja siririn layi zuwa wani launin da yake ganin danginsa ne. Kafin in yi wayo bangon ya cika da layuka kamar saƙar gizo-gizo.

Akwai kare mai shunayyan baki a can sama. Baba ya ce tatsuniyar Girkawa ce: wani jarumi yana yawo a bakin teku, karensa ya tauna katantanwa, bakinsa ya rine, budurwar jarumin ta gani ta ce ita fa sai an yi mata riga mai wannan launin. "Karen tatsuniya ne, Auta," in ji shi, "amma katantanwar gaskiya ce. Dubbai ake fasawa kafin a rina bakin riga ɗaya, ga wari kamar me. Sarakuna suna taƙama da ita, masu rinin kuwa an kore su bayan gari." Daga nan layi ya sauko kan shuɗi, wanda ya ce daga wani dutse ake niƙa shi a tsaunukan Afganistan, har akwai lokacin da ya fi zinariya tsada. Kusa da shi ja ne da ɗan ƙwaro, ƙwaron da ake busarwa a daka, a rina rigunan sojoji, har yau kuma ana sa shi a wani janbakin. Ranar da Inna ta ji wannan ta ce in ya ƙara kawo mata zancen ƙwaro tana kwalliya, a shagon zai ci abincinsa.

Wanda ya fi ba ni tsoro ina yarinya shi ne launin ruwan ƙasa. Baba ya zana mutum a naɗe da tsumma a gefensa, ya ce Turawa sun daɗe suna niƙa gawarwakin mutanen Masar na dā suna yin fenti da su, kuma garin gawar nan dai masu sayar da magani suke auna wa marasa lafiya. Na ce ƙarya ne. Ya ce shi ma haka ya ce, sai da ya sake cin karo da labarin a ƙasan falon wani alƙali.

A kusurwar ƙasa, inda ba kowa ke lura ba, akwai kore guda ɗaya da ba hoto a gefensa, ba kuma layin da ya taɓa shi. Launin mayafin Inna ne, wanda ta fi so. Bayan rasuwarta ya yi ta haɗawa yana zubarwa har ya dace da shi, kuma ya ce ko shi ba zai iya sake haɗa irinsa ba.

To, gwiwa ta gaza, tsani ya gagari Baba, shago ya zama wurin zama da shan iska. Sai Yaya ya zo da maganar buɗe kemis a ciki. Yayan nan nawa, tun da ya fara sa farar riga mutanen layi suke ce masa Likita, shi kuma bai taɓa gyara musu ba. Na zaci Baba zai ƙi. Ina! Murna ya yi kamar an yi masa albishir da jika. Ya jawo gwangwanayensa, ya haɗa wata sabuwar shunayya mai haske, ya zana 'yar kwalbar magani a gefenta, ya ja layi tun daga bakin karen nan har zuwa kwalbar. Da Yaya ya zo auna wurin kanta, Baba ya kama hannunsa ya kai shi gaban bangon.

"Ka ga wannan? Wani saurayi ne yake neman haɗa maganin zazzaɓin cizon sauro, maganin bai yiwu ba, sai ga wannan launi a gindin kwalba. Daga ranar talaka ma ya sa shunayya. Kuma manyan kamfanonin magani da yawa da rini suka fara. Ka ga ashe sana'ata ka gada, ba ka sani ba."

Yaya ko kallon kwalbar bai yi ba, yana ta danna waya. "Baba, kemis fa za a buɗe, ba ajin yara ba. Masu dubawa na hukuma fari suke son gani. Wa zai sayi magani a ƙarƙashin hoton gawa da kare?"

Na ce, "Yaya, a sa labule mana, ko a jingina katako a rufe."

"Ke Auta, ba da ke nake ba. Ƙura za ta taru a baya. Jibi zan turo masu fenti da rola su gama da shi."

"Masu rola? Bangon da ya girme ka?"

"Bango ne dai, ba mutum ba."

Wallahi da ba a gaban Baba muke ba, da na faɗa masa maganar da za mu shekara ba ma gaisawa. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ba da mugunta ya faɗa ba. Ko a jikinsa. A shagon nan ya yi rarrafe, da kuɗin buroshin nan aka saya masa farar rigar, amma bai taɓa tsayawa ya tambayi me ya kai kare bango ba. Baba dai ya saki hannunsa a hankali, ya ce, "Ba wanda zai taɓa bangon nan sai ni. Fari kake so, za ka samu fari."

Bayan Yaya ya tafi ne dabara ta faɗo min, kuma daga bakin Baba na taɓa jin ta. Shi ya ba ni labarin tsofaffin wuraren ibada da aka shafe zanensu da farar ƙasa, aka manta, bayan ɗaruruwan shekaru aka kankare a hankali aka tarar da zanen yana nan lafiya lau, farar ƙasar ce ma ta tsare shi. Na ce, "Baba, ka shafa farar ƙasa kawai. Yaya zai ga fari, masu dubawa za su ga fari. Ranar da kemis ya tashi, ni da kai da soso da bokiti." Idonsa ya yi haske, ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce ashe duk cikin 'ya'yansa ni ce mai kunne. Da kaina na sayo farar ƙasar na kai masa, na koma wurin aikina hankalina kwance.

Da na dawo bayan kwana biyu, da rana tsaka, tun daga bakin layi nake jin ƙarar kankarar bango. Na shiga na tarar da ƙura ta cika shagon. Baba yana tsaye a kan benci, da gwiwar da aka ce ta gaza, yana goge bango da samfefa. Gemunsa ya yi shuɗi-shuɗi, girarsa ta yi ja. A ƙasa kuwa ga garin fenti nan ya taru a gindin bango, duk launukan sun cakuɗe sun koma toka-toka. Babu kare, babu ƙwaro, babu kwalbar da ko bushewa ba ta gama yi ba. Na duba kusurwar ƙasa, siminti ne tsirara.

Na yi ihu. Ban taɓa ɗaga wa mahaifina murya ba sai ranar. "Baba, me ka yi? Ina farar ƙasar? Ba mun yi magana ba?"

Ya sauko da kyar, ya nuna min bokitin a gefe, an taɓa kaɗan. "Na fara, Auta. Na shafa wancan gefen, na jira ya bushe, na sa tafin hannu, sai ga fari a hannuna. Farar ƙasa ba ta kama fentin mai. Wata biyu za ta fara zuba, ta zuba a kan magani, ta ɓata wa mutane riga. Ga jan nan kuma sai ya huda ta ya fito."

"To ya fito mana! Ai abin da muke so ke nan!"

"A shigo a ce wa ya yi wannan aikin? A ce Mai Fenti?" Ya girgiza kai. "Ban taɓa shafa fenti a kan bangon da ban kankare ba. Na gwada, hannun ya ƙi."

"Har na Inna?"

Ya ɗauki samfefarsa ya naɗe ta biyu, ya sake hawa benci.

Ku gaya min, da wa zan yi faɗa? Mutumin da ya san an ceci zanen mutanen da ba su haɗa komai da shi ba ta hanyar aikin ganganci, shi ne ya kasa yin aikin ganganci sau ɗaya tak don ya ceci nasa. Shekara da shekaru yana gaya mana cewa fararen gumakan Girkawa da ake yi wa kallon tsafta da asali, da launi aka yi su, ruwa da zamani ne suka wanke, mutane suka zo daga baya suna yabon abin da ya rage. Ya san wannan sarai, sannan ya cike kowane rami, ya yi shafin farko, ya goge, ya yi na biyu, ya yi na uku, ya miƙa wa ɗansa bangon da za a yi ta yabo. Hoton bangon guda ɗaya gare ni a waya, na nuna masa, ya ce wayar ƙarya take yi, koren ba haka yake ba.

Yanzu kullum yana zaune a benci a ƙofar kemis. Ya daina ba da labarin launi, in an tambaye shi ma sai ya ce ya manta. Yaya yana kula da shi, ba zan yi masa ƙarya ba, maganin gwiwa ba ya yankewa. In wani ya yaba bango sai Yaya ya ce, "Aikin tsohonmu ne," yana murmushi, Baba kuma ya gyaɗa kai.

Rannan Yaya ya fita, ya bar ni da tsaron kanta. Zuciya ta ɗebe ni, na durƙusa a kusurwar ƙasa, na ciro makullin gida na fara kankara. Na ce ko ɗigo ɗaya ne ya tsira, ko a cikin wani ɗan rami. Na huda fari, na tarar da wani farin, na huda shi, na isa siminti. Na matsa gefe na sake, haka. Ina cikin yi na ji tsayuwar mutum a bayana.

"Ba za ki samu ba," in ji Baba. "Nan na fi gogewa. Kore yana da naci."

Na zauna a ƙasa ina kuka, kukan haushi, ina jira ya ce wani abu. Ya tsaya yana kallon tabon da na yi. Can ya juya ya fita, yana jan ƙafa. Da ya dawo, da ɗan gwangwani a hannunsa da ƙaramin buroshi. Ya ce in matsa. Ya durƙusa da kyar a inda mayafin Inna yake a da, ya hure garin da na kankaro, ya shafe wurin a hankali har ya ɓace.