Ranar da Likita Ya Ƙaryata Babana

Ko zan manta da komai a duniya, ban da ranar da aka ƙaryata mahaifina a gaban jama'a. Shekaru sun shuɗe, amma har yau tana nan a raina kamar jiya.

Baba manomin rani ne a Jiratawa, mai albasa da zogale. Mutum ne da ba a sa shi rantsuwa, in ya ce e, to an gama. Da ƙishirwa da yawan fitsari suka matsa masa, sai na ɗauko shi zuwa gidana a unguwar Zariya ta Maraɗi, na kai shi wani asibiti a cikin gari. Aka auna jini, aka ce ciwon sukari ne. Likitan ko kai bai ɗago ba, ya rubuta magani ya ce, "Ka bar shan sukari." Iyakar bayanin ke nan.

Baba kuwa ya riƙe maganar hannu bibbiyu. Ya hana sukari shiga ɗakinsa. Shayinsa ya koma na zuma, tunda kowa ya san zuma waraka ce. Ga dabino a aljihu, ga furar gero cike da ƙwarya kamar kullum. Mu kuma sai yaba masa muke yi, don babu wanda ya gaya mana cewa duk waɗannan sukari suke zama a cikin jini.

Ranar komawa ya sa rigarsa ta Juma'a, yana ta fara'a, shi a ganinsa yau za a ce masa madalla. Aka auna, ciwo ya ƙaru.

"Tsoho, kana shan sukari a ɓoye," in ji likita.

"Wallahi tun randa ka hana ni, ko ƙwara ban sa bakina ba."

"Na'ura ba ta ƙarya, ku ne ke yi." Ya juya ya faɗa wa ma'aikaciyarsa wani abu da Faransanci, suka yi dariya. Ƙofa a buɗe take, duk 'yan layi sun ji.

Baba ya gyara hularsa, ya ce, "Tashi mu tahi, ɗiyata." Muka hau kabu-kabu, muka sauka a ƙofar gida. Nan ya ce, "Na tsuhwa ba a taɓa ce mini maƙaryaci ba sai yau, ga yaron da na haihi sa'anai." Ya miƙo mini ƙwayoyin. Na yi lallashi, na yi kuka, har na turo masa limaminsu. Amsarsa guda ce: "Wanda bai yarda da maganata ba, ƙaƙa zan yarda da maganinai?"

Sai wani maƙwabcinsa ya kai shi wurin wani mai magani a Tibiri. Ni tun daga ƙofa na san mutumin ɗan cin kasuwa ne, amma fa ya iya tarbar baƙo. Ya tashi ya gaida Baba, ya tambayi albasa, ya saurari dogon labarinsa har ƙarshe bai katse shi ba. Sannan ya ba shi wani gari mai ɗaci, wai zai tumɓuke ciwon daga saiwa. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, Baba bai taɓa fashin shan garin nan ba.

Wata rana yana ban ruwa ƙaya ta soke shi a babban yatsan ƙafa. Bai ma ji ba, don ciwon ya riga ya kashe masa jin ƙafar. Kafin mu ankara yatsa ya yi baƙi, ya fara wari. Da ƙyar muka kai shi wani asibitin daban. A can muka sami likita mace, ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi abin da yake ci da sha, ta yi masa bayanin zuma da fura dalla-dalla. Ta ce in aka cire yatsan yanzu, ƙafa za ta tsira.

Baba ya dube ta ya ce, "Ke kam kina da ladabi, Allah shi yi miki albarka. Amma ku duka makaranta guda kunka yi." Ya ƙi, muka koma gida.

Sai da zazzaɓi ya kayar da shi, bai san inda kansa yake ba, sannan muka sake ɗauko shi. A lokacin maganar yatsa ta wuce, daga saman gwiwa aka yanke. Ya rayu bayan nan, amma bai sake shiga gonarsa ba. Na san Baba ma yana da taurin kai, kuma na san komai da ƙaddara. Duk da haka zuciyata ta ƙi hucewa.

Abin da na koya shi ne, marar lafiya sai ya haɗiye maganar likita kafin ya haɗiye ƙwayarsa, kuma ba a haɗiye maganar wanda ya wulaƙanta ka. Likitan nan na farko yana nan yana yawo da ƙafafunsa biyu, na kuma tabbata ko fuskar Baba ba zai iya tunawa ba.