Tambayoyin da Na Kai wa Mai Motocin Siminti

Shekarar da na gama kwaleji, wani Alhaji mai motocin ɗaukar siminti a Malbaza ya nemi wanda zai riƙa rubuta masa shigar motoci da fitarsu. In na samu, na zama ɗan buro, wato ma'aikacin ofis. In na rasa, amalanken jakinmu na jirana a Bazaga, kuma ni da jakin nan ba ma ga-maciji.

Kawuna, ƙanen Inna, wanda ya tsufa yana masinja a wani buro a Konni, shi ya ɗauki nauyin shirya ni don ranar ganawa da Alhajin. Ya ce a ƙarshe za a ce ko ina da tambaya, wanda ya ce babu kuwa ya faɗi ke nan. Muka tsara guda uku da Faransanci: lokacin tashi, hutun shekara, ƙarin girma. Ko kujerar ban gani ba ina neman hutu. Kwana huɗu ina haddace su, har jakin ya fara kaɗa kunne.

Inna ba ta so ba. "Kai za ka tambayi babba? Ɗan mutunci gaisuwa ɗai shika yi."

"Yaya, wanga aikin buro na," in ji Kawu.

Ranar, ni ne na ƙarshe a layi. Alhajin ya duba takarduna, ya sa na yi rubutu, sannan ya jingina, duk ya gaji. "To samari, kana da tambaya?"

Da Hausa ya yi ta! Kawu bai shirya ni da Hausa ba. Faransancin ya watse, tsoro ya kama ni, jaki kawai nake gani. Sai na ji bakina ya ce, "Ina gajiya, Alhaji?"

"Babu gajiya."

"Ina iyali?"

"Lahiya lau."

"Ina ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara." Ya tsaya yana jira. Ni kuwa tambayoyi uku sun cika.

Ya yi ta dariya har hularsa ta karkace. "Tun sahe mutane ka tambaya ta hutu. Kai ɗai ka tambayi gajiyata. Taho ran Litinin."

Kawu ya bi gari yana cewa tambayoyinsa ne suka ci. Inna kaɗai na gaya wa gaskiya, ina jiran ta yi murna. Ta dube ni ta ce, "Uku ɗai? Ba ka tambayi tsohuwa tai ba?"

Shekara tara na yi a buron nan. Har Inna ta rasu, tana cewa na ba ta kunya.