Na Kai 'Ya'yana Kallon Mahaifina

Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara arba'in da bakwai, ma'aikacin gwamnati a Kano, da gidana da motata da 'ya'ya uku, irin mutanen da ake miƙewa a ba su kujera a wurin ɗaurin aure. Abin da iyalina ba su sani ba shi ne ni ɗan makaɗi ne. Mahaifina mai gangar noma ne a wani ƙauye na ƙasar Sule Tankarkar. Kawuna ya ɗauke ni ina ɗan shekara goma sha biyu bayan rasuwar mahaifiyata, shi ya sa ni makaranta, shi ya nema mini aure. Da wani ya ce wa surukaina maraya ne ni, sai na ja bakina na yi shiru, don na san yadda ake kallon ɗan maroƙi a gidan masu faɗa a ji. Nakan je ƙauyen ni kaɗai shekara-shekara, in ajiye buhun shinkafa, in juyo kafin la'asar. Duk zuwa sai tsohon ya tambaye ni yaushe zan kawo masa jikokinsa, in ce sai an yi hutu.

To, hutun ya zo ta inda ban zata ba. Babbar 'yata da ke jami'a ta tsinci tsofaffin waƙoƙin noma a waya, wani ya kwaso su daga kaset ya ɗora, ta haukace a kan wani makaɗi guda. Wata rana na shigo falo sai na ji muryar mahaifina ce ke tashi daga wayarta. Yarinyar nan ta rubuta duk wuraren da ya ambata a waƙa, ta ce a kai su su gani da ido, uwarta da ƙannenta suka goya mata baya. Na yarda, ina ganin ai sitiyari a hannuna yake, inda na so nan za mu bi.

Muka fita da damina. A Gagarawa suka yi hoto a gindin tsamiyar da makaɗin yake cewa a waƙa nan ake tara 'yan gayya. Muka kwana Gumel, washegari muka shiga kasuwar dabbobi ta Maigatari, suna rera waƙarsa a mota kamar sun san ciwon noma. A nan wani dillalin shanu ya tona mini asiri bai sani ba. Da 'yata ta kunna masa waƙar sai ya ce ai mai ita yana raye, idonsa ne ya tafi, ya kuma kwatanta mata hanya bayan Ɗanzomo tiryan-tiryan. Na ce hanyar ba kyau, na ce mai ya yi ƙasa, duk suka ƙi ji.

Mun isa da hantsi, kowa yana gona. Muka same shi shi kaɗai a kan tabarma ƙarƙashin darbejiya, gangar tana rataye a zaure. Ina yin sallama na ga fuskarsa ta yi haske, ya fara lalube yana neman hannuna. Sai na yi maza na ce mu baƙi ne daga Kano, masu son waƙarsa, mun zo kallo. Hannun nan ya koma kan cinyarsa a hankali. Ya ce shi ba ya yi wa baƙo kiɗa sai ya san ɗan wane ne, na faɗi sunan kawuna. Matata, baiwar Allah, ta ƙara da cewa kawun nan mariƙina ne, iyayena sun daɗe da rasuwa, Allah ya ji ƙansu. Tsohon ya ce amin. Da kunnena na ji shi.

Ya sa ɗan autana ya sauko masa da gangar. Ya shafa kan yaran ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar sunansu, yana maimaitawa kamar mai hadda. Sannan ya yi mini waƙa da sunan kawuna, bai kuskure ko sau ɗaya ba. Amma a wajenmu kowane saurayi manomi yana da takensa, kiɗan da in ya ji ya san shi ake kira. Nawa ya buga, wanda ya yi mini ranar da na fara riƙe fartanya ina ɗan shekara goma. 'Yata tana ɗauka a waya, matata ta cusa masa kuɗi a aljihu kamar yadda ake yi wa makaɗa, ni kuwa ina tsaye jikin mota ina duba agogo.

Da kaka ta yi sai ya rasu. Na je jana'iza ni kaɗai, na ce wa iyalina ta'aziyyar abokin aiki ce. Bayan kwana arba'in na kasa daurewa, na tara su na faɗa musu. Matata ta yi wata guda ba ta haɗa ido da ni. 'Yata ba ta yi kuka a gabana ba, ta ce kawai in nuna mata inda takena yake a cikin abin da ta ɗauka. Na nuna mata.

Ina jin haushin mutanen da suka koya mini cewa ganga abin kunya ce, su da ba sa biki sai da ita. Amma haushin kaina ya fi, don ba su ne suka tsaya a gabansa suka ce baƙi ne ba. Duk mai ɓoye asalinsa don a ba shi kujera, ya sani tsoho ba ya jiran hutu. Ka kai masa jikokinsa tun yana iya shafa kansu a matsayin kaka. Ni yanzu 'yata ta sa taken nan ya zama ƙarar kirana a wayarta. Ban sani ba ko yafiya ce ko horo, ban kuma iya tambaya ba. In ina nemanta a cikin gida, gara in tashi in je ɗakinta da ƙafata.