Kwalbar da Na Ƙi Miƙawa a Ƙauyen Goro

Ana sallame sallar asuba muka bar Treichville, ranar da na cika kwana arba'in a Abidjan. Kafin in fito na taɓa aljihuna sau uku don in tabbatar katin zaman baƙi yana ciki, muna kaiwa bakin titi na sake taɓawa. Ku da kuka san ni a Kano kun san ba a nan na koyi wannan hali ba.

Ga abin da ya tayar da ni. Saura kwana tara matata ta taso daga gida da jaririyarmu, ni kuwa a bayan shagon maigidana nake kwana, mu shida a tsakanin kwalaye. Maigida ya ce tunda goro na zo saye, in nemi haya a wani ƙauye bayan Anyama, inda aka ce wata tsohuwa tana da gida a kulle. In na samu, iyalina su sauka a ɗakinsu, goro ma ya sami wurin ajiya. In ban samu ba, sai in aika wa surukaina cewa a kwance kaya, wannan kunyar kuwa ban san inda zan kai ta ba. Ya haɗa ni da wani mutuminsa da ya girme ni, Badamagare haifaffen Treichville, wanda Faransanci ya fi Hausa zama a bakinsa. Tun da ya ji ni Bakano ne ya daina kiran sunana.

Mun haye gada, ruwa shimfiɗe dama da hagu, jiragen ruwa a tsaye kamar unguwanni. Tashar Adjamé kuwa ta sa Kantin Kwari ya zama wurin hutu. 'Yan kamasho uku suka kama jakata, kowa yana ja, ni na rungume ta kamar za a raba ni da ɗa. Mun karya da garba, wato aceke, irin dambun rogo, da soyayyen kifi da ɗanyen barkono, wajen wani ɗan Nijar. Da na tsaya ina leƙa kaskon, abokin tafiyata ya ce in ci kawai, ko a Kano ba a yanka kifi.

Muka shiga ƙaramar bas da suke kira gbaka, sefa ɗari uku kowa. Bayan Abobo gidaje suka fara ja da baya, daji ya matso. Ban taɓa ganin kore irin wannan ba. Ayaba a bakin hanya ba mai gadi, ƙasa ja wur, iska tana warin ruɓaɓɓen ganye. A wani shinge aka ce baƙi su nuna kati. Na miƙa nawa, mutumin ko kallonsa bai yi sosai ba. Sai da muka yi nisa na daina jiran a kira ni.

Motar ta faɗa wani rami, sai na ji ƙwal a cikin jakata. Ni dai na san abin da na zuba: ƙwaryar farin goro, sabulu, da turmin atamfa na tsohuwa. Na zura hannu, na taɓo wuyan kwalba a naɗe cikin jarida. Barasa ce, farar nan mai ƙarfi. Abokina ya saya tun jiya ya cusa mini.

Ya yi mini bayani a hankali. Al'adar garin ce, baƙon da yake neman wurin zama sai ya miƙa wa mai gari kwalba, a zuba wa kakanni kaɗan a ƙasa, dattawa su shanye saura. Ya ce alhazai manya sun bi ta nan.

"Ba kai za ka sha ba, Bakano. Miƙawa kawai za ka yi."

"Yaya, karatuna bai wuce firamare ba, amma malaminmu ya ce mai ɗauka da mai miƙawa laifinsu ɗaya da mai sha. Cire ta daga jakata."

Ya cire ya sa a ledarsa, ya ce to matata ta kwana a tasha ke nan. Maganar ta soke ni. Har muka sauka ina lissafin inda mace mai goyo za ta kwanta, amma ban ce a mayar da kwalbar ba.

A ƙauyen an zaunar da mu ƙarƙashin mangwaro. Mai gari yana tsakiya, ba ya magana sai ta bakin wani dattijo. Tsohuwa mai gidan tana gefe a kan kujera 'yar tsugunno. Aka kawo ruwa a kofi, muka sha, sannan aka tambaye mu labari. Abokina ya riga ya koya mini cewa tambayar farko gaisuwa kawai ake amsawa, sai a ta biyu ake faɗin buƙata. Duk hanya ina bitar wannan, amma ana tambaya na ce gida nake nema. Shi kuwa ya juya ya faɗa musu da Faransanci cewa gaisuwa muka kawo. Nan na ankara. Mutumin da zai gyara mini wannan, zai iya miƙa kwalba ya ce daga gare ni take.

Haka kuwa aka yi. Da aka zo kan buƙata, na ga hannunsa ya nufi leda. Na riƙe masa wuyan hannu a gaban kowa. Na miƙe na ajiye goro da sabulu da atamfa, na ce da Hausa:

"Ga abin da na kawo. Ina girmama garinku da iyayenku, amma barasa ba za ta fita da sunana ba, ko da zan rasa gidan."

Kafin abokina ya buɗe baki, tsohuwar ta riga shi. Ashe shekaru da yawa tana sayar wa Hausawa goro, tana jin Hausa sarai. Ta mayar musu da maganata cikin yarensu, na kuma gane ba ta rage komai ba, don na ga fuskokin sun canza. Dattijon ya saurari mai gari, sannan ya ce ƙasarsu ba ta cin goro.

Ba sauran magana, sai neman sallama. A can baƙo ba ya tashi haka kawai, sai ya roƙi a ba shi hanya, su kuma su ce sun ba shi rabi, ma'ana ya riƙe ɗaya rabin na dawowa. Abokina ya roƙa. Dattijon ya ce sun ba mu hanya duka.

Na ɗauki jakata zan tafi. Sai tsohuwar ta ce da Hausarta ta kasuwa:

"Ni na ba shi rabi. Gidan na kawuna ne, ni na gada. Wanda ya ji tsoron Allahnsa a gaban mutane ba zai cuce ni a awo ba."

Ta ɗauki kofin ruwan da muka rage ta wuce gaba. A ƙofar gidan ta zuba ruwan a ƙasa tana magana da kakanninta, ni na kau da kai ina istigfari. Ɗaki biyu ne da rufin kwano, ɗayan yana da sanyin da goro yake so. Akwai rijiya. Na duba alƙibla, na leƙa kowace kusurwa don ramin maciji, na ga inda yake yoyo na yi masa alama da gawayi. Ta gindaya mini sharaɗi: ba shiga daji ranar Laraba, kuma goronta zan fara saye. Sannan ta gaya mini gaskiya, cewa in rigima ta same ni, ba wanda zai tsaya mini a ƙarƙashin mangwaron nan. Na ce na ji, na karɓi mabuɗi.

Mun iso Adjamé gab da magariba. Abokina yana ta mitar cewa ya yini yana dakon kwalba saboda taurin kan Bakano, gobe kuma sai ya roƙi mai kanti ya karɓi abarsa. Ni na nemi direban da zai tashi zuwa gida, na ba shi saƙo a gaya wa surukaina ta taho. A Treichville na tambayi liman game da ruwan da aka zuba, ya ce tunda ban zuba ba, ban kuma sa a zuba ba, in kwantar da hankalina. Na sake tambayarsa washegari.

Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, baƙo yana iya bin al'adar gari a zama da gaisuwa da ranar hutu, amma ya san inda zai tsaya tun kafin a kawo kofin ruwa. Har yanzu tsoron mai garin nan yana raina. Amma jibi zan koma da kwano guda da ƙusa, in toshe yoyon kafin su iso.