Dawar da Inna Take Ɗiba

Shekarar da Baba ya kwanta ciwo na jinginar da gonarsa. Likitoci a Sakkwato sun ce sai an yi aiki, albashina na malamin firamare kuwa ko kuɗin mota da magani bai kai ba. Na zagaye Zuru kaf. Duk wanda na je wurinsa sai ya yi mini addu'a mai tsawo, ya rako ni har bakin ƙofa.

Wanda ya ba ni kuɗin wani tsohon soja ne da gonarsa ke maƙwabtaka da tamu, can kan hanyar Mahuta. Saje muke ce masa. Ranar Lahadi ce, daga coci ya dawo, ko takalmi bai cire ba muka wuce gidan mai unguwa aka rubuta takarda. Zai noma gonar damina uku. In na kawo kuɗinsa cif kafin ruwan shuka na damina ta huɗu, gona ta dawo hannuna. In kuwa ya riga ya zuba iri, ta zama tasa, sai ya ciko mini abin da ya rage na farashinta.

"Kuma a dunƙule nake so, Malam," in ji Saje. "In ka kawo guntu-guntu zan cinye. Kai ka rasa, ni na rasa."

An yi aikin, Baba ya ƙara wata biyu a duniya, Allah ya karɓi abinsa. Inna ta dawo gidana da zama. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi kan gonar ba. Sai dai duk lokacin da ɗorawa ta nuna, takan ɗauki kwando ta tafi roro a ƙarƙashin itatuwan da Baba ya bari, Saje kuma bai taɓa hana ta ba. Takan dawo ta ce, "Gonar na nan lahiya," kamar mai kawo labarin ɗan da aka kai riƙo.

Ni mutum ne mai son tsari, wasu ma sun ce ya yi yawa. Na sayi littafi mai bango baƙi, na ja layuka. Na sayar da mashin ɗina na biya ƙananan basussukan da na ci a shaguna lokacin jinya, na koma tafiya makaranta a ƙasa. Na daina shan shayi wurin mai shayi, na daina sayen tsire ranar albashi, na koyi wucewa ta gaban mai nama ina gaishe shi da fara'a ba tare da na tsaya ba. Na shiga adashen malamai, kowace shekara na roƙi a ba ni kwasar watan Mayu. In na kwasa sai in kai banki, katin cire kuɗin kuma in damƙa wa Inna, don na san halina. A tukunyar daddawarta take ɓoye shi. Har yau in na tuna da katin nan sai in ji warinsa.

Hatta dawar tuwo aunawa nake yi. Farkon wata in zuba mudun da lissafina ya ce zai kai mu, in ɗaure bakin buhu. Wata uku a jere dawar tana ƙarewa saura kwana biyu ko uku. Na hau matata da faɗa, na ce ɓarna take yi, ba ta san zafin nema ba, da wasu maganganu da ba zan maimaita ba. Ta ƙyale ni. Sai wata ranar Asabar da nake gida na ga abin da idona. An auno dawar da za a kai niƙa, Inna ta miƙa hannu ta ɗebi cikin tafi guda, ta shiga ɗakinta ta zuba a wani tulu.

"Inna, mene ne wannan kuma?"

"Ajiya."

"Wace irin ajiya? Ai cirewa kike daga aljihun dama ki sa a na hagu. Ga shi kina ɓata mini lissafi."

Ta dube ni yadda take dubana tun ina yawo ba wando. "Kai da littahinka, ni da hannuna. Haka nig ga uwata na yi. Ba a kai hatsi niƙa ba a rage ma gobe ba."

Na yi ta bayani, har da zane a ƙasa. Ta saurara har na gama, ta ce to, ta ji. Daga wannan watan dawa ba ta sake yankewa ba. Na ɗauka ta daina ɗiban ne, na ji daɗi ƙwarai, har ina ba abokan aikina labari a ofishin malamai cewa gida ba ya gyaruwa sai da tsari. Wasu ma sun roƙi in nuna musu yadda nake jan layukan.

Haka damina uku suka wuce. Kwasa biyu suna banki, ta ukun tana zuwa ƙarshen Mayu, kuma da ita kuɗin Saje zai cika har da 'yar rara. Na riga na tsara yadda zan shiga gidansa da yadda zan ajiye kuɗin a kan tebur.

Sai ga ruwa a tsakiyar Afrilu. Ina cikin aji da rana hadari ya haɗu, aka kece kamar da bakin ƙwarya, ba a tsagaita ba sai bayan la'asar. Ni har murna nake an sami sauƙin zafi. Washegari da hantsi Saje ya jingine kekensa a ƙofar gidana.

"Malam, ƙasa ta sha ruwa."

"Ta sha, Saje. Mun gode Allah."

"Shuka zan yi."

"Ai Mayu muka ce."

"Wa ya ce Mayu? Ɗauko takarda."

Na ɗauko. Babu sunan wata ko ɗaya a cikinta. Ruwan shuka aka rubuta, kuma da hannuna aka rubuta shi. Ni ne na saba ganin ana shuka a Mayu, na ɗauki Mayu na liƙa a kaina, na gina shekara uku a kai. Ɗan manomi guda, na koma tambayar kalanda yaushe damina za ta sauka. Kunya ta kama ni fiye da tsoro.

Saje ya dafa kekensa. "Babanka mutumina ne," ya ce. "Zan fara da tawa gonar. Kwana huɗu za ta ɗauke ni. Rana ta biyar zan shiga taku da iri, ba zan yi maka ƙarya ba."

Kwana biyu ina yawo. Malamar da ke da kwasar Afrilu ta riga ta ci bashi a kanta ta zuba a bikin 'yarta. Albashi bai shigo ba. Mashin ɗin da zan iya sayarwa na sayar tuntuni. Littafina mai bango baƙi ya san inda kowace naira ta tafi, amma bai ajiye ko ɗaya don irin wannan ranar ba, domin duk abin da ya ragu gona nake tura shi. Na dawo gida na zauna a dakali, na gaya wa Inna gaskiya cewa gonar Baba za ta tafi saboda wata guda.

Ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce in ba ta kuɗin mota zuwa Mahuta.

Da azahar washegari wata a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Inna na gaba kusa da direba, a baya awaki shida suna ta kuka. Ashe ba ta taɓa daina ɗiban dawar ba. Daminar farko, da hatsi ya yi tsada, ta sayar da abin da ta tara, ta haɗa da kuɗin daddawa ta sayi 'yar akuya, ta kai wa ƙanwarta kiwo a Mahuta. Shekara ta biyu ta ƙara wata. Sauran haihuwa ce. Ga kuma tulun ɗakinta cike har wuya.

"Inna, me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

"In gaya ma ka sa su cikin littahi? Da yanzu ka lissahe su sun ƙare."

Na sayar da awakin da dawar, na ciro na banki da katin nan mai warin daddawa. Yammacin rana ta huɗu na iske Saje a bakin gonarsa yana wanke fartanya. Ya ƙirga kuɗin sau biyu, ya ciro tasa takardar daga aljihu ya miƙo mini.

"Takin da na zuba na bar maka," ya ce. "Gobe ka shuka, kada danshin ya wuce."

Na gode wa mutumin nan, kuma har gobe ina gode masa. Ya ba ni kuɗi lokacin da kowa ya ba ni addu'a, ya kuma ba ni kwana huɗun da takarda ba ta ba ni ba.

Da na dawo gida na sami matata a madafa, na nemi gafararta kan faɗan dawa na shekarun baya. Ta ce ya wuce. Sai bakina, da ba ya gajiya da lissafi, ya ƙara tambaya. Na ce abu ɗaya ne bai shiga kaina ba. Tunda Inna ba ta daina ɗiba ba, yaya aka yi dawar ta daina yankewa?

Matata ta ajiye muciya. "Kai dai ba ka duba kwanon kowa sai littafi. Tun ranar da ka yi faɗan nan ta ce in riƙa sa mata malmala ɗaya maimakon biyu. Ta ce tsufa ne, ba ta iya cin da yawa. Ta kuma hana ni faɗa maka."

Na leƙa tsakar gida. Inna na zaune a tabarma tana tsince irin da za mu shuka da safe, zanenta ya zagaye ta har ya yi saura. Shekara uku ina ganin ramar nan, ina cewa rashin Baba ne.

Na ɗauki kwanonta da kaina na zuba malmala biyu na kai mata. Ta dubi kwanon, ta dube ni.

"Wanga kuma yana cikin littahi?"

Na ce yana ciki, Inna. Ta cinye duka.